Furfura ko Funfuna?

A Dauran, idan marka ta zauna a watan Agusta, ko ashana sai ta yi gardama kafin ta kama. Bango ya yi gumi, tabarma ta yi sanyi, gishirin da ke cikin ƙoƙo ya jiƙe ya dunƙule. A irin wannan lokaci, da zarar rana ta ɗan leƙo, kakata, Allah ya jiƙanta, takan sa a fito mata da duk abin da ta adana a ƙuryar ɗaki: tukunyar daddawa, ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa, kwallar gyaɗa, da wani ɗan buhun dabino da aka yo mata tsaraba daga Agadas. Ni ne ɗan aikenta, ni nake kwasowa in baza a faifai.

Wata rana na kwance bakin buhun dabinon, sai na tarar ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Na ce, "Kaka, dabinonki ya lalace, bari in kai wa awaki."

Ta ce, "Kai angona, raba ni da ɓanna. Kawo in gani."

Ta ɗauki ƙwara ɗaya ta murza da yatsa, ta kai hanci, sannan ta ɗora a harshe. Ta ce, "Zaƙinai na yah hito waje. Tsuhwa ta. Ci abinka."

Daga nan ta jawo kwallar gyaɗar, wadda ni a idona lafiyarta lau, har na fara cika aljihu. Ta ɓare guda, ta ɓare ta biyu, a ta uku sai ga wata ƙura-ƙura mai ruwan ɗorawa da kore a jikin ƙwayar. Ta yamutsa fuska. "Wagga kau hunhuna ta. Zazzage aljihunka. Ko awakin kak ka ba, tahi ka turbuɗe ta bayan gida."

A rana ɗaya na yi kuskure biyu. Wanda na so in zubar shi ne lafiyayye, wadda na so in ci ita ce mai cuta. Mu a nan mukan ce hurhura da hunhuna, Bakano ya ce furfura da funfuna. Ko ta wane baki aka faɗa, harafi ɗaya ne ya raba su. Dukansu fari ne da ke fitowa a kan abin da ya daɗe. Ɗaya akan tsuguna a gaishe ta, ɗaya akan toshe hanci.

Ƙasarmu ta san taba tun kafin a san karan sigari. Fadamun Gagare da Bunsuru, da na wajen Talatar Mafara, sun ciyar da ita shekaru aru-aru. Iyayenmu mata sun goge haƙora da furenta, su haɗa da goro, baki ya yi jawur don ado. Tsofaffi maza kuwa ga mai lofe, ga mai battar taba gari da ake dakawa da kanwa a dunƙula a lunƙume a kunci. Bayan da kamfanin taba ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, ganyen fadamun lardin Sakkwato ya ƙara samun kasuwa, aka riƙa shanya shi a inuwa ana ɗaurewa ana lodi.

Ina ɗan makaranta na taɓa tsayawa gaban wani tsoho mai sayar da taba a kasuwar Shinkafi, ranar Alhamis. Na ga garin tabar da ke cikin ƙwaryarsa ya yi fari a sama. Na tuna da darasin kakata, na ce bari in gwada ilimina. Na ce, "Baba, wannan ba ta yi funfuna ba kuwa? Ni dai ba sha nake yi ba, tambaya ce."

Ya yi dariya ya ce, "Na sani, ɗana. Mai sha ba ya tambaya, saye shi ka yi."

Sai ya nuna mini. Farin da ke kan garin, kanwa ce ta tsatso da danshi ya bushe. Ka murza ta ka ji tsaki-tsaki, ka ɗiga ruwa ta narke. Sannan ya zaro wani ganye daga ƙarƙashin tabarmarsa, wanda ya ware gefe. Ya juya bayansa ya nuna mini jijiyar tsakiya. A nan ne, in ji shi, ɓarna take farawa, domin jijiya ta fi sauran ganyen kauri, ita ce ƙarshen bushewa. Ganye zai yi ƙaraurau a hannu alhali jijiyarsa da sauran ruwa. Wanda ya yi gaggawar ɗaurewa, bayan mako biyu zai kwance ya tarar da farin gashi-gashi ya bi jijiyar kamar saƙar gizo, ga wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Abin da ya tono mini waɗannan tsofaffin labarai shi ne hirar da muka yi da wani abokina da ke aiki a wani babban otal a Abuja. Cikin ayyukansa har da kula da wata 'yar durowar gilashi da ake ajiye tabar Habana, wato ƙatuwar tabar nan da aka san Winston Churchill da Fidel Castro da ita, wadda ba takarda a jikinta, ganye ne aka naɗe da ganye. Mafi shahararta daga ƙasar Kyuba take fitowa, daga lardin Pinar del Rio, da sunaye irin su Cohiba da Montecristo. Akan rataye ganyen a rumfa kusan kwana 50 ya sha iska, a tara shi ya yi zafi ya nuna, a ajiye shi shekaru kafin a naɗe da hannu. Bayan an saya ma, masu hali sukan ƙara ajiye ta shekara 5 ko 10, wai tana ƙara daɗi da tsufa.

Abin dariyar shi ne yadda ake ajiye ta. Mu nan muna yaƙi da danshi, su kuwa kiwonsa suke yi. Akwatin nata an shafe cikinsa da katako mai ƙamshi, an sa ma'auni, ana riƙe danshin iskar ciki tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin 100. In ya yi ƙasa, ganyen ya bushe ya tsage, kamar yadda leɓe ke yi da hunturu. In ya ɗara, an gayyato funfuna. Wato 'yar ƙaramar marka ce aka kulle a akwati, ana lallashinta kada ta wuce gona da iri.

To, wani lokaci sai a buɗe akwatin a tarar da fari-fari a jikin tabar. Shekara da shekaru masanan wannan harka suna koyar da cewa farin iri biyu ne. Akwai funfuna, ita kam asara ce. Akwai kuma wani da suka raɗa wa suna mai daɗi, wasu su kira shi da kalmar da ke nufin gashin adon tsuntsu, wasu su ce masa fure. Suka ce man ganyen ne yake tsatsowa da tsufa ya daskare a waje, alamar cewa taba ta kai maƙura. Suka tsara yadda ake bambancewa: fure kamar ƙura yake, yana ɗan walƙiya, ya bazu ko'ina daidai, a share shi da yatsa ya tafi ba tabo. Funfuna kuwa gashi gare ta, tana fitowa ɗigo-ɗigo, takan yi shuɗi ko kore, ta bar tabo, ta shiga ta buɗaɗɗen bakin tabar har ciki. Mai kanti ya nuna maka farin yana murmushi, ya ce ka yi sa'a, har ya ƙara kuɗi.

Ana nan sai wasu masu sayar da wannan taba da masu tara ta a Ostireliya suka ce gani ya kori ji. Suka tattaro samfura, har da waɗanda masu su ke rantsuwa cewa fure ne tsantsa, suka kai ɗakin gwaje-gwaje aka duba da madubin likita. Abin da aka tarar funfuna ce iri-iri. Gardamar ba ta mutu ba, har yau akwai masu cewa furen gaskiya yana nan, wuyar gani ne da shi. Amma an dai gane cewa da yawan abin da manyan mutane suka daɗe suna shafawa suna yabo, ƙanwar abin da kakata ta sa na turbuɗe a bayan gida ce.

Me ya sa masu ilimi da kuɗi suka yarda da wannan tsawon lokaci? Ina ganin amsar tana cikin farashi. Kara ɗaya na mai tsadar yakan fi kuɗin buhun gero. Mutumin da ya zuba dukiya a akwati, ya yi shekara 10 yana gadinsa, ranar da ya buɗe ya ga fari, zuciyarsa ba za ta so a ce masa ruɓa ce ba. Sai ya nemo suna. Da a kan tuwon jiya ya ga wannan farin, ba zai tsaya neman sunan tsuntsu ba. Kuma akwai wani abin mamakin a kan wannan: ana ta tantance ko farin zai cutar, alhali ita kanta tabar, ko da tsaf take, tana cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara. Shi kansa Castro ya daina sha tun 1985.

Kada a ɗauka duk farin da ke kan tsohon abu ƙarya ne. Na dabino gaskiya ne, sukarinsa ne ke fitowa idan ya bushe. Na kanwa gaskiya ne. Busasshen kifi da nama sukan yi farin gishiri. Dukawa ma sun san nasu: jar fatar akuya takan yi wani fari-fari idan an ajiye ta wuri mai sanyi, kitsen da ke cikinta ne ya daskare. Baduku yakan kai ta rana ko kusa da wuta. In kitse ne, ya narke ya koma ciki, fata ta yi sheƙi. In funfuna ce, tana nan daram. Hanci ma shi kaɗai ba alƙali ba ne, domin da wari ake yanke hukunci da ba wanda zai sa daddawa a miya. Kalwa ce aka dafa aka rufe kwana 3 ta ruɓe da gangan, amma ruɓar da ke gyara ta.

Da na haɗa abin da kakata ta nuna mini da na tsohon Shinkafi da na dukawa, sai na ga duk magana ɗaya suke yi. Farin kirki daga cikin abin yake fitowa, nasa ne, ba ya ƙaruwa da cin jikinsa, kuma ba ya tsallakawa kan maƙwabci. Funfuna kuwa rai gare ta. Baƙuwa ce da ta sauka tana cin mai masaukinta. Ka share ta yau, jibi ta dawo, saboda saiwarta tana ciki. Ka bar ta a buhu, ta kama na kusa, shi ma ya miƙa wa na gaba. Shi ya sa mai goro ba ya barin huhu ya yi kwanaki bai kwance ya tsince ba, ya san wake ɗaya ke ɓata gari.

Mu a wannan yanki, inda maganar ta fi shafarmu shi ne gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya tsaya nan, gyaɗar Zurmi da Moriki da Shinkafi ta riƙa gangarowa tasha a raƙuma da jakuna da manyan motoci. Dalar gyaɗa ta tafi, amma ƙuli-ƙuli da mai da kunun gyaɗa suna kowane gida. Ita kuwa ƙurar nan mai ruwan ɗorawa da kore da kakata ta gani tana haifar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin. An gano ta ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil ce sanadi. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Suya ba ta kashe wannan guba, tafasa ba ta kashe ta. Tana taruwa ta ci hanta a hankali har ta kai ga sankara, musamman ga mai ciwon hanta tun asali. Dabbar da ta ci, takan fito a nononta. Kakata ba ta taɓa jin sunan Barazil ba, amma da ta hana ni bai wa awaki, daidai ta yi.

Mugun abin shi ne ba kullum ake ganinta ba. Ƙwayar da ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci, ita ce abar tuhuma, kuma ita ce aka fi sayarwa da araha ga masu ƙuli, da sunan ai za a soya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe, wanda shi kansa funfuna ce marar guba da aka shafa wa ƙwayar dawa, a watsa a gona kafin gyaɗa ta yi fure, ta riga mai gubar kama wuri. Amma babban rigakafi har yanzu shi ne na iyaye: a bar gyaɗa ta bushe sarai har ta yi ƙara in an girgiza, a tsince ta, a ɗora buhu a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Wannan bushewar ce ta yi wuya a shekarun nan. Manomin da ke tsoron 'yan bindiga ba zai bar gyaɗarsa ta kwana bakwai a gona tana shan rana ba. Cira zai yi da safe, ya cusa a buhun leda da danshinta, ya gudo gari kafin la'asar. A daminar 2021, da aka rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara aka katse layukan waya, kaya da yawa sun zauna a ɗakuna cikin tsakiyar danshi ba mai saye. Rashin tsaro ba a hanya kawai yake tare mutum ba, yakan biyo shi har cikin kwanon kunu.

A nan ne nake ganin darasin ya wuce rumbu ya shigo zaure. Mu mutane ne masu girmama abin da ya daɗe, kuma da gaskiyarmu. Amma sau da yawa mukan yi irin ta mai akwatin Habana, mu ga ɓarna a kan abin da muka kashe wa rai, sai mu nemo mata suna. Cin hanci ya zama na goro. Bashin da uba zai shekara uku yana biya don kayan ɗakin 'yarsa ya zama fita kunya. Gabar da kakanni suka fara a kan iyakar gona, jikoki suna riƙe da ita ba su ma san mafarinta ba, ta zama haka muka gada. Kuɗin da ɗan bindiga ke karɓa kafin a bar mutum ya girbe gonarsa ya zama haraji. Wanda ya biya ba shi da laifi, wuƙa ce a wuyansa. Abin tsoron shi ne ranar da sunan zai zauna a baki har yaran da ke tasowa su ɗauka haka duniya take.

Ɗaya kuskuren kuma shi ne nawa na ranar dabino. Yaro ya je makaranta ya dawo, duk abin da ya gani da fari sai ya ce a kai wa awaki. Rumbun ƙasa da aka ɗora a kan duwatsu iska na ratsa ƙarƙashinsa, ana zuba gero da zangarniyarsa ya shekara biyu ko uku ba abin da ya same shi, aka ce ƙauyanci ne, aka koma sussuka a zuba a leda a jibge a kan siminti. Gayya, da zaman sulhu a zauren mai unguwa, da ɗaukar kwanon tuwo zuwa gidan maƙwabci, duk an fara yi musu kallon kayan da. Alhali waɗannan zaƙin mutane ne da ya fito waje.

Awon da za a yi wa al'ada shi ne wanda baduku ke yi wa fata. Daga cikin mutane ta tsiro don amfaninsu, ko sauka ta yi a kansu tana ci? Idan an kawar da ita wuri yakan yi sauƙi, ko akwai mai ci da ita da zai dawo da ita jibi? Tana tsayawa inda take, ko kuwa bana gida ɗaya ya yi lefen akwati 6, baɗi sai maƙwabci ya yi 12? Tsufa shi kaɗai ba shaida ba ne, sabunta ma haka. Malamanmu sukan karanta mana hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa. Saman tsibin a bushe yake, amma bai tsaya a kallo ba, sai da ya cusa hannu ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kaya ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, aka kuma yi masa kashedi mai tsanani a kan algus. Mun riƙe kashedin, amma mukan manta da hannun da aka cusa.

Kakata takan ba ni kobo in cire mata furfura idan ta zauna a inuwar dogon yaro bayan azahar. Da ta yi yawa har ta fi ƙarfin yatsuna, sai ta ce in bari. "Ƙyale ta, angona. Wagga tawa ta, daga ciki tah hito."

Bana na tsaya gaban madubin wanzami a Ƙaura, na ga fari ya fara cin gefen gemuna. Yaran unguwa sun soma ce mini Baba, ana matsa mini a kan benci, in na yi magana a taro ana yin shiru. Daɗi gare shi, ba zan ɓoye ba. Amma na san madubi saman tsibi kawai yake nunawa. Ko furfura ce ko ɗayar, ba ni zan faɗa ba. Sai an dubi waɗanda suka daɗe a buhu ɗaya da ni, 'ya'yana da ɗalibaina da abokan cinikina, an ɓare su an ga abin da suka ɗauka daga jikina.